Mutumin da Ya Sanƙare: Razana da Ɗimuwa a Harshe da Adabin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da wata masifa ta auku a ƙasar Hausa, gobara ce ko rushewar gini ko haɗarin mota, akwai wata tambaya da ba a rasa ji a bakin 'yan jaje bayan ƙura ta lafa. Tambayar ita ce: me ya hana wane gudu? Ko kuwa: yaya aka yi yana tsaye yana kallo, bai taɓuka kome ba? A zahiri neman bayani ne, amma wanda aka yi dominsa ya san hukunci aka yanke masa, kuma sau da yawa shi ma ya riga ya yanke wa kansa irinsa tun kafin kowa ya buɗe baki.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta auna yadda harshen Hausa da adabinsa suke siffanta halin da mutum yake shiga a daidai lokacin da masifa take aukuwa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, harshen yau da kullum ya fi adabi sanin gaskiyar wannan hali. Harshe ya tanadi kalmomi masu yawa ga mutumin da jikinsa ya ƙi bin umurninsa, adabi kuwa, na baka da rubutacce, ya fi son raba maza gida biyu, jarumi da matsoraci, ya bar mafi yawan mutane ba su da gurbi.

An ɗauki arewa maso yammacin Jihar Jigawa a matsayin farfajiyar nazari, watau Kazaure da Roni da Gwiwa na masarautar Kazaure, da Babura ta masarautar Ringim. Yanki ne na bakin iyaka tun asali. Ɗantunku, wanda ya kafa sarautar Kazaure wajen 1819, ya yi shekaru yana gwabzawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, sa'an nan a ƙarshen ƙarnin, zamanin Sarkin Kano Alu, rundunar Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ta riƙa gangarowa ƙasar Kano daga arewa. Masifun yanzu daban suke. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. A daren 15 ga Oktoba 2024 kuma wata tankar fetur da ta taso daga Kano ta kife a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura, a masarauta ɗaya da Babura. Jama'a suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. An yi ta magana a kan yawan mamata, da kan kwaɗayi ko talaucin da ya kai mutane wurin a watan da litar fetur ta kai kimanin naira 1,000. Halin waɗanda suka tsira, da waɗanda suka tsaya suna kallon 'yan'uwansu cikin wuta ƙafa ta ƙi ɗaukarsu, bai sami irin wannan kulawa ba.

2.0 Abin da harshe ya riga ya sani

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne ginin jimla. Bahaushe yakan ce tsoro ya kama wane. A wannan jimla tsoro ne aikau, mutum kuwa karɓau ne, tamkar yadda ake cewa zazzaɓi ya kama shi ko barci ya ɗauke shi. In an matsa gaba sai a tarar mutumin ya ɓace daga jimlar ɗungum, gaɓoɓinsa sun karɓe aiki: gabansa ya faɗi, hantar cikinsa ta kaɗa, cikinsa ya ɗuri ruwa, tsikar jikinsa ta tashi, bakinsa ya mutu, yawunsa ya ƙafe, numfashinsa ya ɗauke, hankalinsa ya gushe. Ko wanda ya sami ikon gudu, ana cewa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, watau yana roƙon ƙafarsa kamar wata baƙuwa da take iya ƙi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan maganganu da ta ɗora wa mutum niyya.

Haka abin yake a ƙirar aikatau. Bisa rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatan Hausa a 1960, kalmomi irin su razana, firgita, tsorata, kiɗima da ɗimauta, in an yi amfani da su ba tare da karɓau ba, suna cikin aji na uku, ajin da ya ƙunshi abubuwa masu yawa da suke samun mutum ba da zaɓinsa ba. Karin sauti ne kaɗai ya bambanta "ya firgita" da "ya firgita yaro", ko da yake rubutu bai nuna ba. Akwai kuma wani rukuni a aji na huɗu, mai nuna cewa abu ya kai matuƙa: sanƙare, sandare, daskare, ƙame, ruɗe, kiɗime. Huɗun farko duk aro ne daga duniyar abubuwa marasa rai. Sanda ce take a sandare, mai ne yake daskarewa da hunturu, kuma daga saiwar sanƙare aka sami sunan cutar sanƙarau saboda yadda take riƙe wuya. Bahaushen da ya ce wane ya daskare ya faɗi cewa na ɗan lokaci mutum ya tashi daga mai aikatawa ya koma abu.

Amsa-kama ta ƙara wa hoton filla-filla. Wanda ya tsaya cak ya katse motsin da yake cikin yi ne. Wanda ya yi ƙiƙam ya kafe wuri ɗaya, ana yi masa magana ba ya amsawa. Wanda ya yi sororo yana tsaye, amma tunani ya bar shi. Mai sakin baki galala yana kallon abin da ƙwaƙwalwarsa ba ta karɓa ba tukuna. Tsuru-tsuru da wuƙi-wuƙi na ido ne, na mai neman mafita bai gan ta ba. Jugum da zugum kuwa na baya ne, bayan an kwashe gawa an share wuri. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tattara da yawa daga cikin waɗannan, amma aikin ƙamus shi ne jera kalma bisa harafinta, don haka ba a ganin cewa tsani ne mai matakala, daga razana ta ƙiftawar ido, zuwa kiɗima ta 'yan mintoci, zuwa ɗimuwa mai iya kwana da yini.

3.0 Abin da masana suka gano

A 1915 Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya bayyana yadda jiki yake shiri in ya hangi halaka: sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, jini ya bar hanji ya koma ga tsokar hannu da ƙafa, narkar da abinci ta tsaya, baki ya bushe. Ya kira wannan shirin faɗa ko gudu. Wanda ya karanta jerin da ke sama zai ga cewa kaɗawar hanta da ƙafewar yawu ba adon magana ba ne kurum. Bayan Cannon an gane cewa hanyoyin sun fi biyu. Akwai ta uku, sanƙarewa, wadda ɗan Adam ya yi tarayya da dabbobi a cikinta. Duk wanda ya taɓa danne kaza a ƙasa ya sake ta, ya ga ta ci gaba da kwanciya ba motsi, ya ga misalinta. Sassan ƙwaƙwalwa masu wannan aiki, ciki har da wanda ake kira amigdala, suna riga sashen tunani da shawara motsawa.

Muhimmin abu ga mai tarken adabi shi ne yawan waɗanda abin yake samu. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Kanada, J. S. Tyhurst, ya bi diddigin mutanen da gobara da ambaliya suka rutsa da su, ya buga sakamakonsa a 1951. Ya ƙiyasta cewa kashi 12 zuwa 25 cikin 100 ne suke riƙe natsuwarsu su yi abin da ya dace nan take. Kimanin kashi uku cikin huɗu sukan yi sororo, tunaninsu ya ƙuntata, su riƙa aiki kamar ana jan su. Sauran kuma su ruɗe sarai. A 2017 Anna Möller da abokan aikinta sun yi nazarin mata 298 da suka je wani asibiti a Sitokholm ta ƙasar Suwidin bayan an yi musu fyaɗe, kashi 70 cikin 100 suka ba da labarin cewa jikinsu ya sanƙare a lokacin, sun kasa motsi ko ihu. Ya kamata duk mai tambayar yarinya dalilin da ya hana ta kururuwa, a zauren mai unguwa ne ko a gaban alƙali, ya san da wannan adadi. Ta wani ɓangaren kuma, E. L. Quarantelli, masanin zamantakewa a Amurka, ya nuna tun daga shekarun 1950 cewa turmutsutsun kowa-ta-kansa bai cika aukuwa ba kamar yadda ake zato, kuma galibi maƙwabta ne suke fara ceto kafin hukuma ta iso. Ke nan mutumin da ya ƙame minti ɗaya yana iya zama shi ne mai tonon ɓaraguzai da hannu a minti na biyar.

4.0 Inda adabi ya gaza, da inda ya kusa

Adabin baka na maza bai san wannan mutum ba. Kirarin 'yan tauri da na mafarauta, da waƙoƙin makaɗa irin su Kassu Zurmi da Muhammadu Bawa Ɗan Anace, an gina su ne a kan namijin da gabansa ba ya faɗuwa. Ba laifi ba ne a wurinsu, domin aikin irin wannan waƙa shi ne ta zuga mutum ya shiga fage, kuma zuga ba ta yiwuwa da faɗin gaskiya duka. Illar tana zuwa ne in aka ɗauki ma'aunin fagen dambe, inda mutum ya shirya ya ɗaura ya shiga da ƙafarsa, aka auna magidancin da katanga ta faɗo wa iyalinsa da tsakar dare cikin ruwan Agusta. Labaran yaƙe-yaƙen bakin iyaka ma haka suke: sunan barde da na dokinsa ake riƙewa, talakan da mahara suka tarar a gona ya kasa ko ɗaga fartanya ba ya shiga labari sai a cikin lissafin bayi. Tatsuniya kuwa ta mayar da tsoro abin dariya, ta rataya shi a wuyan kura, ga tsoro ga ban tsoro.

Karin magana ne ya fi kowa adalci a adabin baka. Da Bahaushe ya ce in ka ji ƙi-gudu sa-gudu ne bai zo ba, ya rushe kirari gaba ɗaya cikin numfashi guda. Da ya ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, ya bayyana yadda razana take barin tabo, har abin da ya yi kama da masifar ya riƙa tayar da ita sabuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba su sa wannan ciwo cikin kundinsu da sunansa na yanzu ba sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam.

Ƙagaggun labaran farko, waɗanda gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar, sun gaji wannan rabo. Ganɗoki na Bello Kagara kirari ne da aka shimfiɗa a zube, tauraronsa ba shi da lokacin razana. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya bi hanyar tatsuniya, firgita a cikinsa kayan raha ce. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya cancanci a daɗe a kansa, domin babu littafin wancan zamani da ya tara masifu kamarsa. An sace yaro, kura ta cinye wanda ya sace shi, ya faɗa hannun masu bauta, an ƙetara da shi Sahara, uwarsa ta fita nemansa ita ma aka bautar da ita, sun haɗu ba ta daɗe ba ta rasu, sa'an nan guguwar rairayi ta halaka ayarin da yake ciki. Duk wannan dattijo ne yake ba almajiransa labari a Rauta, da murya ɗaya wadda ba ta hawa ba ta sauka. An saba fassara wannan salo da cewa hoton haƙuri da tawakkali ne na malamin kirki, kuma babu shakka marubucin ya nufi haka. Amma akwai wani karatu da littafin yake ɗauka. Masana tun daga Pierre Janet na Faransa, a ƙarshen ƙarni na 19, sun lura cewa wanda ya sha masifa yana ƙarami yakan ba da labarinta kamar a kan wani ta faru, ya kawo abin da ya auku daki-daki ya tsallake abin da ya ji. Muryar Shaihu Umar ta yi kama da wannan ƙwarai. Ƙarfin littafin yana nan, rauninsa ma yana nan: ya kawo mai karatu har bakin ƙofar ɗimuwa, sa'an nan ya sa mata rigar haƙuri ya wuce. Wanda ya gwama shi da labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, zai ga bambanci. A can tsohuwa ce take tuna harin mahara da kame dangi da neman kuɗin fansa, daga ɓangaren waɗanda aka bari a gida, inda babu kirari.

Littattafan soyayya da suka yawaita daga ƙarshen shekarun 1980, da finafinan Hausa da suka biyo bayansu, sun buɗe ƙofa ga abin da zuciya take ji, wannan kuwa ci gaba ne. Sai dai sun kafa tasu al'ada mai sauƙi. Mummunan labari ya zo, tauraruwa ta yanke jiki ta faɗi, a yayyafa ruwa, a garzaya asibiti, likita ya ce jininta ya hau. In ana son a tsananta, sai a nuna mutum da tsumma yana tsince-tsince a bola. Suma da hauka su ne iyaka biyu na tsanin, kuma su ne mafi ƙarancin aukuwa. Matakalan tsakiya, inda uwa take ci gaba da tuƙa tuwo bayan an gaya mata rasuwar ɗanta don maganar ba ta shige ta ba, ko direban da ya fito daga mota a hanyar Kano zuwa Daura yana ta neman takalminsa alhali jini yana zuba, ba su da yawa a shafi ko a majigi. Su ne kuwa suka fi wuyar rubutawa.

5.0 Haƙuri, fassara, da gaisuwa uku

A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya yi a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, haƙuri yana cikin manyan siffofin da ya lissafa. Matsalar ita ce yadda ake faɗaɗa shi har ya haɗiye abin da ba ya ƙarƙashin ikon mutum, a ce wanda ya kiɗime imaninsa ne da rauni. Malamai ba su tafi a kan haka ba. Sun bambanta abin da harshe da hannu suke yi da gangan, da abin da ido da zuciya suke yi ba da izini ba. Ya tabbata a tarihi cewa ranar wafatin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Sayyidina Umar ya ƙi yarda da labarin, kuma da ya ji Sayyidina Abubakar ya karanta aya sai ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa ya zube ƙasa. Babu wanda ya taɓa kiran Umar matsoraci.

Wata matsalar ta masu fassara ce. A rediyo da takardun faɗakarwa akan tattara duk wannan fage a kira shi taɓin hankali ko matsalar ƙwaƙwalwa. Taɓin hankali a kunnen Bahaushe sakaya hauka ne, ba wani abu ba. A yankin da ake magana a kai wannan yana da nauyi na musamman, domin akwai asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa a cikin Kazaure, kuma mutumin Roni ko Gwiwa da aka ce masa abin da yake ji taɓin hankali ne ya san inda maganar ta dosa, ya san kuma abin da za a ce da 'ya'yansa mata ranar neman aure. Sai ya yi shiru, ko a ce iska ce ta shafe shi a nemi turare. Alhali kuwa abin da bincike ya nuna shi ne mafi yawan waɗanda suka ga masifa suna komawa daidai da kansu cikin makonni, kuma likitoci ba sa kiran abin ciwo mai ɗorewa sai alamunsa sun wuce wata guda. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta sauya kalmomin Ingilishi. Na Hausa suna jiran masana harshe. Ba a bukatar ƙirƙira mai yawa. Razana ta isa ga abin da ya auku nan take, ɗimuwa ga na kwanakin farko, tabon razana kuma ga wanda ya ƙi warkewa, shi ne mai bukatar likita.

Al'ada ta riga ta yi irin wannan rarrabewa a gaisuwa. Wanda aka yi wa rasuwa ta'aziyya ake yi masa, wanda ya yi hasarar dukiya jaje, wanda ya kuɓuta da ransa kuwa barka da arziki. Zaman makoki ma, inda ake zuwa a zauna kusa da mutum, a kawo abinci, a ɗauke masa hidima, ba a tilasta masa magana, ya yi daidai da shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a jagoranta na 2011 kan taimakon farko ga wanda ya ga masifa, bayan da bincike ya nuna cewa zaunar da mutum a sa shi ya maimaita abin da ya gani tun da ɗumi ba ya hana ciwon, wani lokaci ma yana ƙara shi. Inda gaisuwar take cijewa shi ne in hali biyu sun haɗu a kan mutum ɗaya. A ɗauki magidanci a wani ƙauyen Babura wanda ɗakin ƙasa ya rufta da dare, shi ya fita, ɗansa bai fita ba, kuma ya san cewa akwai 'yan daƙiƙu da ya yi a tsakar gida a sandare. Masu shigowa za su yi masa ta'aziyya, wasu su ƙara da barka da arziki, ya amsa duka biyun kamar yadda aka koya masa. Daƙiƙun nan kuwa babu gaisuwar da ta taɓo su, kuma daga Ganɗoki zuwa finafinan Kano da wuya ya ci karo da labarin da ya nuna masa namiji irinsa a tsaye a tsakar gida, ruwa yana dukansa, ƙafa ta ƙi tashi.